Tabon da ke Goshin Jirgin Audu

Na san abin da kuka ji game da ni. Kun ji shi a gidan biki, kun ji shi a gidan makoki, ke kuwa Hadiza an taɓa yaɓa miki shi a fuska a tsakar gidan Kawu Labbo, kika dawo kika ƙi cin tuwo kika ce wai zazzaɓi ne. Na gane. Maganar dai ita ce ubanku ya sayar da jinin ƙanensa. Shekaru na ɗauka ban ce uffan ba, domin Inna tana da rai, ni kuma ba zan tsaya wanke kaina a gaban 'ya'yana da abin da zai zama kamar ina ƙaryata uwata ba. Yanzu ta riga mu gidan gaskiya, ni ma gwiwoyina sun fara yi mini sallama, kuma ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Laifin da dangi suka ɗora mini ban aikata shi ba. Amma kada ku yi saurin murna. Ina da wani laifin na daban wanda su ba su sani ba, kuma shi nake so ku ji daga bakina.

Mu biyu ne maza a ɗakin Inna, ni na fari, baffanku Isiyaku auta, tsakaninmu shekara goma sha biyu da ƙananan kaburbura uku. Gidanmu a Yelwa gidan 'yan kasuwa ne, ba mu gaji kamun kifi ba. Amma shi Isiyaku tun yana ƙarami in an aike shi sayen gishiri sai a tsince shi bakin ruwa yana taya masunta jan taru. An yi duka, an yi rubutun sha, aka gaji aka ƙyale shi. Ya girma ya zama masunci na sosai, mai kwalekwalensa da kalli, wato ragar kamun kifi, nasa na kansa, mai dariyar da ake ji tun daga bakin titi, mai saurin fushi da saurin hucewa. Ni boko ya ɗauke ni. Na ƙare a ɗakin gwaje-gwaje na wata jami'a, tafiyar rabin yini daga gida, ina zuwa Yelwa da salla da hutu kamar baƙo.

Dole in gaya muku aikin da nake yi, domin kun taso kuna cewa Baba yana aikin sinadarai, ba ku taɓa tambaya ba, ni ma ban taɓa zaunar da ku ba. Kowane abu da Allah ya halitta yana da yadda yake shan haske. Muna da wata na'ura mai ɗan lu'ulu'u a samanta wanda bai fi ƙwayar dawa ba. Sai ka kankaro ɗan abin da kake son ganewa, ka ɗora a kai, ka danne, na'urar ta aika masa wani haske da ido ba ya gani, ta auna abin da ya sha da abin da ya dawo. Daga nan sai layi ya fito a allon kwamfuta yana hawa yana sauka, kamar kunyoyin gonar raggo. Turawa suna kiran ilimin sifektiroskofi, ba sai kun wahalar da harshenku ba. Abin da ya dame ni da shi shi ne, duk ruwan da ke fita daga jikin mutum yana da nasa layin. Na jini daban, na yawu daban, haka gumi da fitsari da maniyyi. Ko tabon ya bushe, ko ya yi makonni, layin yana nan, kuma ba ka lalata tabon wajen gwaji. Wanda ya fi wuya shi ne raba jinin mutum da na dabba, domin ido ba ya ganin bambancin layukansu. Sai ka tara samfura masu yawa waɗanda ka san asalinsu, kwamfuta ta koyi bambancin, sannan in ka kawo mata baƙo ta gaya maka cikin wane dangi ya faɗa.

Shekaru na yi ina tara samfuran nan. Na bi mahauta na karɓi na sa da rago da akuya, na yanka kajin uwarku har ta fara ɓoye su in ta ga na dawo, ɗalibai suka ba ni ɗigon nasu. Na kifi kuwa Isiyaku ne ya tara mini, giwan ruwa da tarwaɗa da karfasa da ƙurungu, yana yanka ina ɗiga wa takarda, yana yi mini tsiya a gaban masunta.

"Jama'a ku zo ku ga ikon Allah. Kowa ɗan'uwanai ya tahi boko ya dawo da mota, ni nawa jinin tarwaɗa anka aiko shi nema."

Na ce masa wata rana aikin zai yi amfani. Ya ce in ya yi in tuna da shi a rabon lada.

A shekarar da ruwa ya cika har ya ci gonakin shinkafa na bakin tafki, wani mutum mai suna Audu ya sayi sabon jirgin ruwa mai inji. Audu Bagunge ne, ɗan wata ƙabila ta bakin ruwa, daga wani ƙauye kusa da Wara. Ya musulunta shekara shida kafin nan, ya riƙe addini da hannu biyu, har shi ne ladanin masallacin ƙauyensu, amma tsohonsa yana nan kan addinin kakanni. Ranar da ya fara fitar da jirgin, farfelar injinsa ta bi ta kan kallin Isiyaku ta yi kaca-kaca da shi. Suka haɗu a bakin ruwa ranar kasuwa, aka yi cacar baki a gaban mutane. Isiyaku ya zage shi, ya haɗa da ubansa da abin da uban yake bauta wa. Audu ya ce masa, "Za ka gani." Kalma uku ke nan, kowa yana faɗinsu in ya yi fushi. Kwana biyu bayan haka Isiyaku ya fita da safe bai dawo ba. Aka tsinci kwalekwalensa a kife can wajen Wara, inda kututturan itatuwan da ruwa ya cinye tun zamanin gina dam suke tsaye a ƙarƙashi. Aka yi kwana huɗu ana nema, masu nutso suka yi iya yinsu, ba a ga gawa ba. A cikin kwanakin nan ne wasu suka ga Audu yana dirzar goshin jirginsa da yashi. Da aka matsa aka duba, ga tabo nan baƙi-baƙi ja-ja ya shiga tsagin katako, ga wani tsumma a ƙarƙashin dandamali ya sha irinsa. Aka tambaye shi, ya ce jinin kifi ne. Masunta suka kalli juna. Jinin kifi a cikin jirgi yake zuba, inda ake jefa kifin. Ba ya hawa goshi ya gangaro ta waje kamar an tsiyaya shi. 'Yan sanda suka tafi da Audu da jirginsa.

Na iso gida na tarar da zaman makokin da ba gawa. Maza a ƙofar gida ba su san ko su yi ta'aziyya ko jaje ba. Balki matar Isiyaku tana ɗaki da goyo, ba a ce ta shiga takaba ba, ba a ce kada ta shiga ba. Inna tana zaune kan tabarma ta miƙe ƙafafu, carbi a hannu amma ba ta ja. Ba ta taɓa kiran sunana ba, kun san ɗan fari. Ta ɗago ta dube ni.

"Kai ad da na'ura. Shekara nawa kana bin jinin kaji da na awaki? To ga na ƙanenka. Ka tahi ka sa ta ta hwaɗi gaskiya."

A ƙa'idar aikinmu, bai kamata in taɓa wannan gwaji ba. Wanda abu ya shafa ba ya zama mai auna shi, wannan ko ɗalibin shekarar farko ya sani. Amma ni da ƙafata na je na yi magana, na nuna takarduna, na sa aka aika guntun katakon da tsumman zuwa ɗakin gwajinmu. Ban yi don neman gaskiya ba. Na riga na yanke wa Audu hukunci a zuciyata, hujja kawai nake nema in ɗaure shi da ita. Abokiyar aikina, Malama Rifkatu, wadda muka yi shekara tara muna aiki kan na'ura ɗaya, ta ce mini in koma gefe ita ta yi. Na yarda ta riƙe wuƙar kankara, amma na tsaya a kanta. Takardar da ta zo da kayan tana ɗauke da tambaya guda: shin wannan tabo jinin kifi ne kamar yadda wanda ake tuhuma ya faɗa?

Ta kankaro ɗan gari daga tsagin katakon ta ɗora. Layin ya fito, ko ba a gaya mini ba na san shi, jini ne. Ta sa kwamfuta ta kwatanta shi da samfuran kifi, waɗanda Isiyaku ya yanka mini da hannunsa. Bai faɗa cikin ko ɗaya ba, ko kusa. Allah ya yafe mini, daɗi na ji. Na ce a raina ƙarya ta ƙare, na kama shi. Na miƙe ina neman alƙalami. Rifkatu ba ta tashi ba, ta ce tunda an fara a ƙarasa, ta buɗe sauran samfuran. Tabon ya wuce na mutane bai tsaya ba, ya je ya zauna tsakanin awaki da tumaki, ya fi karkata ga awaki. Na ce ta sake. Ta sake da tsumman, haka. Na ce katako ne ya ɓata gwajin, ta kankaro daga wani wuri, haka. Ta ɗauko wani ɗan tsinken gwaji da ake ɗiga wa ruwan tabo, wanda jinin ɗan'adam yake sa ya nuna layi biyu. Muka zuba masa ido har lokacinsa ya cika ya wuce, layi ɗaya ne.

"Malam Garba," ta ce, "ba jinin mutum ba ne. Ka yi haƙuri."

Na ce mata ta bar mini rahoton, ni ne shugaban sashe, ni zan sa hannu. Ta dube ni har na kau da kai, sannan ta tura mini takardar.

Na koma Yelwa da takardar a aljihu ba a cike ba. Mutum ɗaya na gaya wa, Kawu Labbo, yayan Inna, wanda ya yi shekara talatin yana magatakardan kotu, ya san takarda kamar yunwar cikinsa. Ya ja ni zaure ya rufe ƙofa.

"Karanta min. Mi anka tambaye ka?"

Na karanta.

"To jinin kihi ne?"

Na ce a'a.

"Shi ke nan. Rubuta ba jinin kihi ba ne, ka sa hannu. Ƙarya kay yi? Wa yat tambaye ka akuya?"

Na ce Kawu, in na rubuta haka, kowa zai ɗauka jinin Isiyaku ne.

"Abin da mutane sunka ɗauka ba aikinka ba ne. Kai Garba, ka yi tunani. Mutumin ga ya ce za ka gani, an gani. Ya yi ƙarya, na'urarka ta shaida. Mai gaskiya mi zai sa shi ƙarya? In bai kashe shi da wuƙa ba, ya kihe shi da inji, dut ɗaya ne. Kuma ka dubi yarinyar ga Balki. In kotu tat tabbatar an kashe mijinta, ta yi takaba, a yi mai salla, a raba gado, kowa ya san matsayinai. In ba haka ba, shekara huɗu za ta zauna tana jiran wanda ba shi zuwa, ita ba matar aure ba ita ba bazawara ba. Uwarka ko, ka san ba ta da kabarin da za ta ce ga ɗanta. Ka bar ta da ko da hukunci ne. Hannunka ba shi ruɓewa ka yanke ka yas."

Kada ku tsani Kawu Labbo. Duk abin da ya faɗa game da Balki da Inna gaskiya ne, kuma duk ya faru kamar yadda ya ce. Abin da ya fi ba ni tsoro shi ne yadda maganarsa ta kwanta mini. Ba ƙarya zan rubuta ba, rabin gaskiya kawai zan riƙe. Na yi ta gaya wa kaina cewa wataƙila na'urar ta yi kuskure, ni da na yi shekaru ina rantsuwa da ita a gaban manyan malamai. Na ce ai mutum zai iya kashe mutum kuma a sami jinin akuya a jirginsa. Na ce in ba shi da laifi me ya sa ya ce kifi. Kullum Rifkatu tana bugo waya, kullum ina cewa gobe. Ban rubuta rabin ba, ban rubuta dukan ba. Haka na yi kwana goma sha ɗaya, Audu yana tsare, takardar tana aljihuna.

A rana ta goma, bayan la'asar, muna zaune a ƙofar gida da masu zuwa jaje, sai ga wani tsoho ya nufo mu. Gajere ne, baƙi, ba takalmi, ƙafafunsa sun yi futu-futu, da gani ya sha tafiya. Yana rungume da wani abu a naɗe. Wani ya raɗa cewa uban Audu ne. Ya durƙusa daga nesa, ya kwance ƙunshin ya shimfiɗa a ƙasa. Fatar akuya ce ja, ko jeme ta ba a yi ba. Hausarsa ba ta da yawa.

"Ni na yanka. Jirgi sabo, sai a ba ruwa nashi. Haka ubana ya yi, haka na yi. Yaro ya ce ba ya so, na ce in bai yarda ba ba ni ba shi. Shi ya riƙe ƙahwa, yana kuka. Kunya yake ji, shi mai kiran salla. Ɗana bai kashe kowa ba. Ga hwata."

A nan na gane komai. A al'adarsu ba a sa sabon jirgi a ruwa sai an yanka dabba a goshinsa an bar jinin ya gangara. Audu ya rasa yadda zai yi da tsohonsa ya bi shi, sannan ya rasa yadda zai yi da jama'ar da yake kira salla sau biyar a yini, sai ya ɗauki yashi yana dirza. Da aka tambaye shi ya zaɓi ƙaryar kifi, yana ganin tunda bai yi kisa ba gaskiya za ta fito da kanta, ba sai ya tona wa kansa asiri ba. Tsohon ya riga ya je wurin hukuma, an ce masa ɗansa da bakinsa ya ce kifi, ya jira kotu. Shi ya sa ya zo gidan masu rashi.

Wurin ya ɗauki hayaniya. Wani ya ce fatar akuya ko a kasuwa ana sayarwa. Wani ya ce ga irin tsafin da suka yi suka ba ruwa Isiyaku. Wani saurayi cikin abokan Isiyaku ya sa ƙafa ya shure fatar, ya ture tsohon, ya faɗi da gefe a kan tsakuwa. A duk taron nan mutum biyu ne suka san tsohon gaskiya yake faɗa, ni da Kawu. Kalma ɗaya zan yi kowa ya yi tsit, domin ni ne mai na'ura, ni ake jira. Na gyara tabarauna na buɗe baki, sai na hango Inna ta leƙo daga zaure, na mayar na rufe. Ina tsaye ina kallo tsohon ya tashi da ƙyar, ya karkaɗe fatarsa, ya naɗe, ya juya yana ɗingishi. Bai zagi kowa ba. Wannan shi ne laifina, 'ya'yana, kuma ban taɓa jin kunyar kaina ba kamar ranar.

Washegari na kama hanya. Na ajiye takardar a gaban Rifkatu na ce ta rubuta duk abin da muka gani, ta sa hannunta a sama, ni in sa nawa a ƙasa tare da bayanin cewa wanda ya ɓace ƙanena ne, kuma ni na jinkirta rahoton. Wannan layin ya jawo mini takardar gargaɗi a wurin aiki, ya kuma tsayar da ƙarin girman da nake jira, kuma daidai ne. Aka aika ragowar katakon wani ɗakin gwajin da ban san kowa ba, suka sami abin da muka samu. Takardu ba sa gudu. Sai da aka yi wata biyu kafin a saki Audu. Tsohonsa tun da ya koma gida ya kwanta, ƙugun da ya faɗi a kai ya ƙi warkewa, ya rasu saura mako uku ɗansa ya fito. Da na sa hannu ranar da muka yi gwajin, da tsohon bai taka zuwa ƙofarmu ba. Audu ya fito ya tarar ba uba, kuma labarin akuya ya karaɗe ƙauye, an ba wani ladanci. Ya sayar da jirgin ya kwashe iyalinsa ya koma wani ƙauye wajen Shanga.

Ni na gaya wa Inna da bakina, ban bari ta ji a waje ba. Na durƙusa na yi mata bayani, na haske da layi da akuya. Ta bar ni har na gama.

"Na aike ka ka kawo min gaskiya, ka kawo. Ban ce ka yi ƙarya ba. Amma da ka bar min Audu, da ina da wanda nike kai ƙara wurin Allah kullum sahe. Yanzu wa za ni kai? Ruwa?"

Ta juya fuskarta bango. Daga ranar, in na gaishe ta takan ce lafiya, ba ta ƙarawa. Shinkafar da nake aikowa sai ta sa a raba wa maƙwabta, ba ta taɓa cin ƙwaya ɗaya ba. Dangi kuwa suka rasa yadda za su fahimci mutum ya wanke wanda ake tuhuma da kashe ƙanensa, sai suka ce an saye ni, daga nan maganar da kuka ji ta samo asali. Kawu bai ƙaryata su ba, ni ma ban tona shi ba. Balki ta yi shekara huɗunta cur kafin alƙali ya ba ta izinin takaba, ƙuruciyarta ta tafi a ɗakin nan, kuma duk ranar da na gan ta na san da hannuna a ciki. Ba a taɓa ganin gawar Isiyaku ba. Ban san yadda ya mutu ba. Ina zaton kututture ya doka, kamar yadda ya faru da wasu kafin shi, amma zato ne. Na'urata ta gaya mini abin da ke kan katako, ba ta gaya mini abin da ya faru a tsakiyar ruwa ba.

Shekara bakwai muka yi a haka da Inna. A ciwonta na ƙarshe, wata rana da hantsi, ta sa kowa ya fita ta ce in matso.

"Ka tabbata akuya ce?"

Na ce na tabbata, Inna.

"Ko gaban Allah?"

Na ce ko gaban Allah.

"To na tsine ma bawan Allah wanga a kan sallaya ta wata biyu, ba shi da hakkina. Ka tahi ka same shi, ka ce tsohuwa ta ce ya yahe mata. Da ƙahwarka, kar ka aiki kowa."

Sannan ta ce in ba ta ruwa, ta sha daga hannuna. Kwana biyar bayan haka ta cika.

Bayan addu'ar bakwai na tafi Shanga, na yi ta tambaya har aka kai ni. Na same shi a gindin wata bishiya bakin kogi yana ɗinkin taru, ya yi furfura, ya rame. Ya gane ni. Ya shimfiɗa mini buhu, muka gaisa, ya yi mini ta'aziyya. Na isar da saƙon Inna.

"Allah ya jiƙan ta. Na yahe mata duniya da lahira. Ɗa ta rasa, ba ta san komi ba. Kai ma Malam na gode, an ce takardarka ta hid da ni."

Da na tashi a nan da mun rabu lafiya, yana ganina mutumin kirki. Na kasa. Na gaya masa ranar da muka yi gwajin, da ranar da na sa hannu, da abin da ya faru a tsakani. Hannunsa ya tsaya a kan tarun.

"Sadda tsohona ya zo gidanku, kana nan?"

Na ce ina nan.

"Sadda anka ture shi?"

Na ce ina tsaye.

"Kuma ka riga ka sani?"

Na ce na sani, Malam Audu. Na zo ne ka yafe mini.

Bai ɗaga murya ba, ko fuskarsa ba ta canza ba. Ya ce da tsohon ya koma ya gaya wa mutanen gida cewa a cikin mutanen akwai wani mai tabarau da ya ga kamar zai yi magana. Sannan ya ɗauki allurarsa.

"Ka tahi, Malam. Ba ni iya ce maka na yahe da baki alhali zuciya ba ta yi ba, ƙarya guda ta ishe ni. In ta kwanta, ina aiko maka."

Damina uku ke nan. Ba ni da ikon gaggauta shi, ku ma ba ku da shi. In saƙon ya zo bayan ba ni, ku karɓi ɗan aiken da mutunci, ku ba shi ruwa da abinci, ku yi mini addu'a. In bai zo ba, kada wanda ya kuskura ya ga laifin Audu ko na 'ya'yansa. Kun sha tambayata me ya sa, tun da na ajiye aiki na dawo gida, duk ranar kasuwar Yelwa nake sa a fitar mini da kujera ƙofar gida in zauna har la'asar, ga rana ga ciwon gwiwa. Ranar ce mutanen Shanga suke shigowa gari. Har yau bai aiko ba.